Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Tarihinta da Bangaskiyarta

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa daga bakin 'yan ajin baftisma, da waɗanda aure ya kawo cikinmu, da 'ya'yanmu haifaffun Abuja da Legas da ba su taɓa taka Garkida ba, da kuma maƙwabtanmu Musulmi waɗanda yawancinsu sai lokacin sace 'yan matan Chibok suka fara jin sunan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a rediyo. Wannan ba takardar Majalisa, wato babban taron ekklesiya, ba ce. Inda magana ta kai ga hukunci, kundin tsarin ekklesiya da shugabanninta ne ke da ta cewa.

Mece ce EYN a taƙaice?

Ekklesiya ce ta masu bin Yesu Almasihu wadda ta tsiro a arewa maso gabashin Nijeriya, ƙarfinta yana kudancin Borno da arewacin Adamawa, tsakanin Bura da Margi da Kibaku da Kamwe da Fali da mutanen duwatsun Gwoza. Hedikwatarta tana Kwarhi, a ƙaramar hukumar Hong, kan hanyar Mubi. Yau akwai majami'unta a Maiduguri, Yola, Jos, Kano, Kaduna, Abuja, Legas da Fatakwal, har da ƙetare a Kamaru da Nijar da Togo. A cikin dangin cocin 'Yan'uwa na duniya ita ce mafi yawan jama'a, ta ninka uwar cocin da ke Amurka sau da yawa.

Su wa suka kafa ta, kuma yaushe?

Ranar 17 ga Maris, 1923, wasu Amurkawa biyu, Harold Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, kusa da kogin Hawul, tare da ma'aikatan da suka zo fara gini. Wannan rana ce EYN take ƙirga shekarunta daga gare ta, shi ya sa aka yi bikin cika shekara 100 a 2023. Tsamiyar nan ta zama alamar ekklesiya, masu ziyara ba sa barin Garkida sai sun je gindinta.

Farkon aikin bai zo da sauƙi ba. Ruth, matar Kulp, ta rasu a 1924 tare da jaririnsu, an binne su a Garkida. Sai a 1927 aka yi baftisma ta farko, ta mutum huɗu. Kulp ya yi kusan shekara 40 a ƙasar nan, ya koma gida a 1963, ya rasu a 1964. Shi kuwa Helser daga baya ya koma mishan ɗin SIM, har ya zama babban daraktanta. Ke nan EYN da ECWA, cocin da ta fito daga SIM, sun yi tarayya a mutum guda, abin da 'yan ƙalilan ne suka sani.

Amma duk wanda ya ce Turawa biyu ne suka kafa EYN ya faɗi rabin zance. Masu bishara 'yan ƙasa, da malaman makarantun ƙauye, da waɗanda suka warke a asibitin kutare suka koma garuruwansu, su ne suka kai maganar inda Bature bai taɓa sa ƙafa ba, da harsunan da bai iya ba.

Me ya sa Garkida, ba wani babban gari ba?

Biu suka nufa tun farko. Gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila tana ɗari-ɗari da barin 'yan mishan su zauna a inda sarakunan Musulunci ke mulki, don haka aka hana su izinin zama a can. Garkida ƙauye ne na Burawa a bakin kogi, aka yarda su sauka. Ko a nan ma sun sha jayayya da jami'an mulkin mallaka kafin zamansu ya tabbata. Wannan ne ya sa EYN ta girma a matsayin cocin manoma da ƙauyuka tukuna, shigarta birane ya biyo baya, lokacin da 'ya'yanta suka yi ilimi suka bazu neman aiki.

Kafin su zo Nijeriya, daga ina 'Yan'uwa suka samo asali?

Daga Jamus. A 1708, a wani ƙauye mai suna Schwarzenau, mutum takwas, maza biyar da mata uku, ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack, suka shiga kogin Eder aka yi musu baftisma. Dukansu an riga an yi musu baftisma suna jarirai a cocin gwamnati, kuma a zamanin sake baftisma laifi ne a gaban doka. Sun ɗauki darasi daga ƙungiyoyi biyu: masu baftismar manya irin su Menonawa, waɗanda suka ƙi ɗaukar takobi, da masu farkawar zuciya da ke cewa addinin da bai canja halin mutum ba, bai kai addini ba.

Tsanani ya kore su. Rukuni na farko ya isa Amurka a 1719, suka zauna a Germantown ta jihar Pennsylvania, Mack da kansa ya bi su a 1729. Baftismarsu ta farko a can ta faɗo ranar Kirsimeti ta 1723, kusan shekara 200 kafin sujadar gindin tsamiya. Sanin wannan tarihi yana da amfani don shi ne ke bayyana abubuwa uku da za a gani a ƙasa: baftismar manya, ƙin ramuwa, da ƙin tilasta wa kowa addini. Mutanen da aka kora saboda bangaskiyarsu ne suka gadar mana su.

Yaya aikin ya bazu daga Garkida?

Tasha bayan tasha. An buɗe Lassa a ƙasar Margi wajen 1927 zuwa 1928, sai Marama a farkon shekarun 1930, sai Chibok a 1941, daga baya Shafa da Gulak da Mubi da sauransu. Wasu mishan biyu suka haɗa hannu: reshen 'Yan'uwa na Ashland a Amurka ya yi aiki tsakanin Kamwe a yankin Michika, mishan ɗin Basel kuma, wanda yau ake kira Mission 21, ya shiga a 1959 ya kama aiki a Gavva bayan dutsen Gwoza.

Duk inda aka sauka abu uku ke tafiya tare: majami'a, makaranta, ɗakin magani. A 1929 aka buɗe asibitin kutare a Virgwi kusa da Garkida, mutane suka riƙa zuwa daga ƙabilu da dama. Makarantun Waka kusa da Biu sun yaye malamai da ma'aikata masu yawa na tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas, Kirista da Musulmi. Makarantar Hillcrest ta Jos ma 'yan mishan ɗin 'Yan'uwa ne suka fara ta a 1942. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan, ekklesiya ta mai da hankali ga kiwon lafiyar karkara da haƙa rijiyoyi da aikin gona.

Wani abin baƙin ciki da ya shiga tarihin duniya: zazzaɓin Lassa ya samo sunansa daga garin Lassa ne, don a asibitin mishan na can wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kamu da shi a farkon 1969, aka kai ta Jos ta rasu. Binciken ciwonta ne ya kai ga gano ƙwayar cutar.

Yaushe EYN ta tsaya da ƙafafunta? Ko har yanzu Amurka ce ke juya ta?

Abin ya zo daki-daki. A 1955 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko. A shekarar nan ce kuma aka kafa tarayyar ekklesiyoyin da yau ake kira TEKAN, cocinmu ta shiga a matsayin Lardin Gabas, sunan da tsofaffi suke tunawa da shi har gobe. A 1972 ta samu cikakken 'yanci daga mishan, bayan wasu 'yan shekaru kuma ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu.

Cocin Amurka 'yar'uwa ce kuma abokiyar aiki, ba shugaba ba. Abin da babban taronsu ya zartar bai hau kanmu ba, abin da Majalisarmu ta zartar bai hau kansu ba. Akwai batutuwan da muka sha bamban a fili, musamman abin da ya shafi aure, inda EYN ke riƙe da cewa aure tsakanin namiji da mace ne. Duk da haka, lokacin da masifa ta auko a 2014 sun tsaya tare da mu da addu'a da dukiya, wannan kuwa ba abin mantawa ba ne. Albashin fasto da ginin majami'a da aikin bishara na yau da kullum daga baiko da zakkar membobi suke fitowa.

Me EYN ta gaskata game da Allah, da Yesu, da Littafi Mai Tsarki?

A nan ba mu da wani sabon abu. Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Yesu Almasihu, wanda budurwa Maryamu ta haifa, ya mutu a kan gicciye saboda zunuban mutane, ya tashi a rana ta uku, zai kuma komo ya yi shari'a. Ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba. Littafi Mai Tsarki, Tsohon Alkawari da Sabo, Maganar Allah ce. Ɗan ECWA ko COCIN ko Baptis zai sa hannu a kan wannan ba gardama.

Inda muka fita dabam shi ne nauyin da muke ba biyayya. 'Yan'uwa suna karanta Huɗubar Kan Dutse, wato Matiyu sura 5 zuwa 7, a matsayin umarnin da za a bi yau, ba kyakkyawan buri na wata duniya ba. Suna kuma son wasiƙar Yakubu, inda aka ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Mai son sanin abin da EYN ta gaskata, zai fi ganewa in ya je bakin ruwa ranar baftisma ko ya zauna a jibin ƙauna, fiye da in an miƙa masa takarda.

Na ji ana cewa 'Yan'uwa ba su da ƙa'idar bangaskiya sai Sabon Alkawari. Me ake nufi?

Tsohuwar magana ce tun daga Jamus. Ba wai ana musun abin da ke cikin shaidar bangaskiyar manzanni ba ne, duk abin da ke ciki mun yarda da shi, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna. Abin da kakanninmu na bangaskiya suka gani shi ne yadda gwamnatocin Turai ke ɗaukar rubutacciyar aƙida su mai da ita abin auna mutane, wanda bai sa hannu ba a ɗaure shi ko a kore shi. Sai suka ce ma'auninsu shi ne Sabon Alkawari gaba ɗaya, ana karanta shi tare cikin jama'a, kuma ana karanta Tsohon Alkawari da hasken Yesu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci in an zo batun yaƙi: ba a ɗauko yaƙe-yaƙen Joshuwa a rushe umarnin Yesu na ƙaunar maƙiyi da su.

Me ya sa ake nutsar da mutum sau uku wajen baftisma?

Saboda Matiyu 28:19, inda aka ambaci Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Mai karɓar baftisma yana durƙusawa cikin ruwa, ruwan ya kai masa wajen ƙirji. Fasto ya yi masa tambayoyi a gaban jama'a: ko ya gaskata Yesu Ɗan Allah ne, ko ya juya wa zunubi da Shaiɗan baya, ko ya yi alkawarin aminci har mutuwa. Sannan ya dafa kansa ya sunkuyar da shi gaba, fuska cikin ruwa, sau ɗaya da sunan Uba, sau ɗaya da sunan Ɗa, sau ɗaya da sunan Ruhu Mai Tsarki. Kafin ya tashi, yana nan durƙushe ruwa na zuba daga fuskarsa, a ɗibiya masa hannu a yi addu'a. A bakin gaɓa kuwa mata na waƙa, wata ta riƙe zane a buɗe tana jiran 'yarta ta fito.

Wasu coci suna kwantar da mutum ta baya sau ɗaya, wasu suna yayyafawa. Ba ma cewa ba Kirista ba ne su. Namu dai haka muka gada, kuma sunkuyawa gaba tana tuna mana yadda Yesu ya sunkuyar da kansa a kan gicciye.

Ana yi wa jarirai baftisma?

A'a. Baftisma amsa ce ta mutumin da ya ji, ya tuba, ya zaɓa da kansa, jariri kuwa bai kai nan ba. Iyaye suna kawo jariri majami'a a miƙa shi ga Ubangiji, a yi masa addu'a, su kuma su ɗauki alkawarin renonsa cikin bangaskiya. In ya yi wayo sai ya shiga aji da ƙafarsa. A kan wannan batu ne aka tsananta wa mutanen Schwarzenau, duba amsar da ke kan asalin 'Yan'uwa.

Mene ne jibin ƙauna, kuma dole ne a wanke ƙafafu?

Wannan ita ce hidimar da baƙo ya fi tunawa da ita. Yawancin coci suna cin gurasa su sha ƙoƙo su tashi. 'Yan'uwa suna ƙoƙarin bin daren ƙarshe na Yesu da almajiransa gaba ɗayansa, kashi huɗu: binciken zuciya, wankin ƙafafu, cin abinci tare, sannan gurasa da ƙoƙo. An fi yin sa a makon Ista, ana kuma sa wasu lokuta a shekara.

Binciken zuciya ba wasa ba ne. Wanda ke gaba da ɗan'uwansa ana sa ran ya je su shirya kafin ranar. Sai wankin ƙafafu bisa Yohanna sura 13, maza a gefensu, mata a nasu. Mutum ya ɗaura tawul ko zane a ƙugu, ya durƙusa gaban na kusa da shi, ya sa ƙafafunsa cikin daro ya wanke, ya goge, su tashi su gaisa, sannan shi ma a wanke nasa. Ba a zaɓen wanda za a wanke wa. Babban sakatare a gwamnati yana iya samun kansa riƙe da ƙafar manomi mai faso, wadda ta sha ƙurar hanya tun safe, kuma ruwan daron ba ya ɓoye komai. A ganina, a ƙasar da kowa ke son a san matsayinsa, babu wa'azin da ya kai wannan minti biyar ɗin.

Shin dole ne? Yesu ya ce tun da shi Ubangiji da Malam ya wanke ƙafafunsu, su ma ya kamata su wanke na juna. Mun ɗauki maganar yadda take. Mara lafiya ko tsohon da ba ya iya durƙuso ba a matsa masa.

Shafewa da mai fa? Ba irin na masu sayar da man mu'ujiza ba ne?

Ko kusa. Yakubu 5:14-16 ne: mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya, a yi masa addu'a, a shafa masa mai da sunan Ubangiji, a furta zunubi. Ba a saye, ba a sayarwa, ikon ba ya cikin kwalba. Ba ya kuma hana zuwa asibiti. Cocin da ta fara da ɗakin magani ba za ta ce a zubar da ƙwaya ba.

Me ake nufi da cewa EYN cocin salama ce? An hana membobinta shiga soja?

A duniya ana lissafa 'Yan'uwa tare da Menonawa da Kwekas, wata ƙungiyar Kirista da ita ma ta ƙi yaƙi, a matsayin cocin salama na tarihi. Tushen shi ne Matiyu 5:38-48 da Romawa 12:17-21: kada a rama mugunta da mugunta, a ƙaunaci maƙiyi, ramuwa ta Allah ce. A Amurka wannan ya sa samarinsu da yawa suka ƙi ɗaukar bindiga a yaƙin duniya, suka yi wata hidimar ƙasa a madadin.

A Nijeriya gaskiyar magana ita ce akwai 'yan EYN a soja da 'yan sanda, ba a kuma kore su daga zumunta. Nauyin koyarwar a nan ya fi faɗawa kan ramuwar gayya: in an ƙone majami'a ba a zuwa a ƙone masallaci, in an kashe naka ba ka tare hanya ka kashe wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Tambayar kare kai da iyali lokacin hari kuwa tana nan da zafinta, matasa suna yi wa fastoci ita kai tsaye, kuma duk wanda ya ce amsarta mai sauƙi ce bai kwana a daji da 'ya'yansa ba. Abin da ekklesiya ta tsaya a kai shi ne ba za ta albarkaci ɗaukar fansa ba, za ta kuma ci gaba da matsa wa gwamnati ta yi aikinta na tsaro. Amsa ta gaba tana nuna inda aka gwada wannan koyarwa.

Wane irin ɓarna rikicin Boko Haram ya yi wa EYN?

Da wuya a sami wata coci da ya taɓa kamar ta, don ƙasar da rikicin ya ci ita ce gidanta. Tun Yulin 2009 aka ƙone majami'unta a Maiduguri. Shekarar 2014 ce mafi muni. Daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, mafi yawansu 'ya'yan EYN, makarantar ma asalinta ta mishan ce kafin gwamnati ta karɓa. Gwoza ta faɗi a Agusta, Michika a Satumba. Ranar 29 ga Oktoba aka mamaye Kwarhi da Mubi, shugabanni da ɗaliban makarantar tauhidi ta Kulp suka tsere, hedikwata ta koma Jos na wucin gadi a zamanin shugabancin Rabaran Samuel Dali. Dubban mutanen Gwoza suka ƙetara Kamaru, da yawa suka ƙare a sansanin Minawao.

A 2020 shugaban ekklesiya na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya bayyana wa 'yan jarida cewa an kashe membobi sama da 8,000, an raba sama da 700,000 da gidajensu, an kuma ƙone ko rushe majami'u kusan 300. A watan Janairun shekarar ne aka kashe Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, na Michika, bayan an sace shi. A Fabrairu aka kai wa Garkida kanta hari aka ƙone majami'a. An koma Kwarhi, an sake gina wurare da yawa, amma ƙauyukan Chibok da Askira da Madagali ba su daina ganin hari ba, kuma akwai iyayen da har yau suke jiran 'ya'yansu.

Wani sakamako da ba a zata ba: gudun hijira ya dasa EYN a garuruwan da da ba ta nan. Inda 'yan gudun hijira suka sauka, a Nasarawa ko Taraba ko gefen Abuja, ba a daɗe sai a ga rumfar sujada.

Bayan duk wannan, yaya EYN take kallon Musulmi?

A yankinmu gida ɗaya kan ƙunshi Kirista da Musulmi, wa da ƙane, kawu da ɗan 'yar'uwa. Mun kuma san cewa Boko Haram ta kashe Musulmi masu ɗimbin yawa, har da malamai da sarakuna, kuma akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Ba a ɓoye cewa an ji ciwo kuma yarda ta yi rauni, musamman inda mutum ya dawo ya tarar da kayansa a gidan wanda ya sani. Saboda haka ekklesiya ta sa ƙarfi a tarukan warkar da raunin zuciya, da shirin zaman lafiya na Kirista da Musulmi da ake kira CAMPI a Mubi. A Gurku ta jihar Nasarawa akwai matsugunin 'yan gudun hijira da aka gina musamman don mabiya addinan biyu su zauna tare. Muna shelar bishara ba kunya, amma tilas ba ta cikin gadonmu.

In ɗan'uwa ya yi mini laifi, ko memba ya faɗi cikin zunubi, yaya ake yi?

Matiyu 18:15-17 ita ce hanya, ana kuma karanta ta ga masu shirin baftisma. Ka same shi ku biyu tukuna. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sai maganar ta je gaban ikkilisiya. Yawancin rigingimun da ke kai wa kwamiti, da an bi matakin farko da ba su kai ba, sai dai mun fi son mu gaya wa kowa ban da mai laifin.

Wanda aka sa a horo ana dakatar da shi daga jibi da riƙe muƙami na wani lokaci, ba a hana shi zuwa sujada, manufar kuwa a maido shi ne. Daga wannan tushe na gaskiya tsakanin 'yan'uwa ne koyarwar ƙin rantsuwa ta fito, bisa Matiyu 5:33-37: i ɗinka ya zama i, a'a ta zama a'a.

Yaya tsarin shugabanci yake?

Daga ƙasa yake hawa. Ƙaramin reshe shi ne LCB. In ya yi ƙarfi ya iya riƙe kansa sai a ba shi 'yanci ya zama LCC, da fastonsa da kwamitinsa. LCC da dama su ke haɗuwa su zama gunduma, wato DCC, mai sakatarenta. A sama akwai GCC, babban taronta na shekara-shekara kuma shi ake kira Majalisa, inda fastoci da wakilan membobi ke zama su yanke shawara su zaɓi shugabanni. Babu bishop, babu kuma mai coci da zai gadar wa ɗansa. Shugaba zaɓaɓɓe ne mai wa'adi: Samuel Dali ya miƙa wa Joel Billi a 2016, shi kuma ya miƙa wa Rabaran Daniel Mbaya a 2024. Hedikwata ce ke yi wa fastoci canjin wurin aiki. Ana horar da su a makarantar tauhidi ta Kulp da ke Kwarhi, da kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru wadda ekklesiyoyin TEKAN suka yi tarayya a kanta.

Mene ne matsayin mata?

Duk wanda ya taɓa halartar sujadar EYN ya san amsar rabin tambayar: Zumuntar Matan Ekklesiya, ZME, da anko ɗinsu da tulunan kiɗa da caki, su ne ƙashin bayan waƙa da ziyarar marasa lafiya da bishara da tara gudummawa. A lokacin gudun hijira su ne suka riƙe gidaje da marayu. Mata suna karatun tauhidi har digiri na uku, suna koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki. Dokta Rebecca Dali, wadda ta kafa ƙungiyar taimakon waɗanda rikici ya shafa, ta karɓi lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. Sauran rabin kuwa shi ne naɗin fasto ya kasance na maza, saɓanin cocin Amurka da ke naɗa mata. Muhawara ce da ke tasowa lokaci-lokaci, Majalisa ce kuma wurin yanke ta.

Mene ne bambancin EYN da ECWA, COCIN ko LCCN?

Mafi yawa tarihi ne da yanki. A zamanin mulkin mallaka mishan-mishan sun raba ƙasa tsakaninsu don kada su yi ta karo. ECWA ta fito daga SIM wadda ta fara zuwa a 1893. COCIN ta fito daga reshen Ingila na SUM da ya fara a Wase a 1904. LCCN ta fito daga 'yan Denmark da suka sauka Numan a 1913, ita kuma tana yi wa jarirai baftisma tana da bishop-bishop. EYN da COCIN da LCCN duk suna cikin TEKAN, a cikin CAN kuma suna rukuni ɗaya da ECWA. Littafin waƙoƙinmu na Hausa kusan ɗaya ne, ana auratayya, ana wa'azi a bagadin juna. Abubuwan da suka keɓanta da mu su ne waɗanda aka yi bayani a sama: nutsarwa sau uku, jibin ƙauna da wankin ƙafafu, da gadon salama.

Ni ba Bura ko Margi ba ne. Zan saki jiki a EYN? Yaya ake zama memba?

Za ka ji ana yi mata kirarin cocin 'yan Borno da Adamawa, kuma a wasu majami'un birni gaisuwar bayan sujada takan koma harshen gida har baƙo ya ji an bar shi a baya. Gyara ne da ke kanmu. Amma sujada da Hausa ake yi ko Turanci, a ƙauyuka a haɗa da harshen wurin, kuma ekklesiyar da ta haɗa ƙabilu masu yawa tun farkonta ba ta da hujjar rufe ƙofa.

Hanyar shiga a fili take. Ka fara zuwa sujada, ka gabatar da kanka ga fasto. In ba a yi maka baftisma ba, ka shiga aji, inda za a bi da kai ta abubuwan da ke wannan shafi dalla-dalla, kwamiti ya gana da kai, sannan a sa ranar zuwa ruwa. In daga wata ekklesiya ka fito, ka zo da takardar shaida daga can, fasto da dattawa su duba irin baftismar da aka yi maka su gaya maka mataki na gaba. Bayan haka sunanka zai shiga littafin LCC, a ba ka katin memba, ka kuma zaɓi ƙungiyar da za ka yi hidima a ciki: zumuntar maza, ZME, matasa, mawaƙa ko masu bishara.